DAGA MURJANIN TEKU ZUWA TAFKIN KALMALO: AMANAR DA KE WUYAN MATASA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (T), Ubangijin tudu da teku, wanda ya rayar da kowane abu mai rai da ruwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S) da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk matashin da ya taso a garin Illela ya san cewa tsakaninsa da teku akwai nisa. Babbar hanyar nan da aka ƙaddamar da aikinta a shekarar 2024, wadda aka shata za ta tashi daga Illela ta dire a Badagari da ke bakin teku, tsawonta kilomita 1,068 ne. Don haka ba abin mamaki ba ne idan ɗan uwa mai karatu ya ga an kawo zancen teku a wannan shafi ya ce, to ina ruwan mutumin Illela da abin da ke faruwa a ƙarƙashin teku, alhali ga tsadar hatsi, ga rashin tsaro, ga rashin aikin yi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce maƙasudin wannan rubutu. A taƙaice dai, abin da ke kashe halittun teku a can, shi ne irin abin da ke kashe tafkuna da gulabe a nan, kuma maganin da wasu Musulmi masunta suka samo a wani ɗan tsibiri, magani ne da ke cikin littattafan da matasan Illela ke rungume da su zuwa makaranta kullum.

Da farko ya kamata a san mene ne murjani. Bahaushe ya san sunan tun kaka da kakanni, domin kuwa jan dutsen ado ne da mata ke ɗaurawa a wuya da hannu, wanda fatake suka riƙa ƙetarowa da shi ta Sahara daga gaɓar Bahar Rum. Haka nan duk wanda ya karanta Suratur Rahman ya ci karo da sunan har sau biyu, a aya ta 22 da ta 58, inda aka ambace shi cikin ni'imomin Ubangiji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, murjani ba dutse ne irin na kan tudu ba. Wata 'yar ƙaramar dabba ce mai taushin jiki, wadda sau da yawa ba ta wuce ƙwayar gero ko ta wake ba, take gina wa kanta gida mai tauri da sinadarin farar ƙasa da take tsotsa daga ruwan teku. Idan ta mutu sai wasu su ɗora gini a kan nata gidan, a haka a haka har a samu tudu a ƙarƙashin ruwa. Jan murjanin ado dangi ne ga waɗannan masu ginin, amma masu ginin sun fi son ruwa mai ɗumi, marar zurfi, wanda hasken rana ke ratsawa. Wasu nau'o'in ba sa ƙara tsawon da ya wuce santimita 1 zuwa 2 a shekara guda. Amma duk da wannan tafiyar hawainiya, jerin tuddan murjanin da ke gabashin Ostireliya ya kai tsawon kilomita 2,300, wato ya ninka tafiyar Illela zuwa Badagari sau biyu.

Masu bincike sun gano cewa a cikin jikin wannan dabba akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta samar da abinci. Dabbar ta ba ta masauki, ita kuma ta ciyar da dabbar, ta kuma ba ta launi. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan zama! Waɗannan tuddai ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta cewa kusan rubu'in nau'o'in halittun teku suna rayuwa ne a jikinsu, a nan suke ƙwai, a nan 'ya'yansu ke fakewa. Miliyoyin talakawa masunta da su suka dogara, sannan su ne katangar da ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta afka wa ƙauyukan bakin teku.

Kada kuma a ɗauka cewa Bahaushe bai taɓa haɗa hanya da wannan halitta ba. Alhazan da, waɗanda suka riƙa tafiya Makka a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur, akasarinsu a garin Sawakin na ƙasar Sudan suke shiga jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. To, gidajen tsohon garin Sawakin da na tsohon birnin Jidda da tubalin murjani aka gina su, wanda aka sassaƙo daga bakin tekun. A wannan teku akwai nau'in kifi fiye da 1,000, wasunsu ba a samunsu a ko'ina a duniya sai can. A gaɓar Sudan akwai tudun murjani na Sanganeb da mashigin Dungonab, inda wata dabba dangin ayu ke kiwo a ƙarƙashin ruwa, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2016. Kowane alhajin jihar Sakkwato da jirginsa ya sauka a Jidda, a gefen wannan taska ya sauka, ko ya sani ko bai sani ba.

To, mene ne ke faruwa da wannan taska a yau? Idan zafin ruwan teku ya ɗara yadda aka saba a lokacin bazara da digiri 1 kacal, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai dabbar ta fitar da gansakukar da ke jikinta. Daga nan sai launinta ya koɗe ta koma fari fat kamar ƙashi. Idan ruwan ya yi sanyi da wuri tana iya farfaɗowa, idan kuwa bai yi ba sai yunwa ta kashe ta, kifaye su watse. An ga wannan annoba ta game duniya a 1998, aka sake gani a 2010, sannan daga 2014 zuwa 2017. Wani rahoto da masana suka fitar a 2021 ya nuna cewa tsakanin 2009 da 2018 duniya ta yi asarar kimanin kashi 14 cikin 100 na murjaninta. A watan Afrilu na 2024 aka ba da sanarwar karo na huɗu, kuma zuwa Afrilun 2025 zafin ya shafi kusan kashi 84 cikin 100 na wuraren da murjani yake. Suratur Rum, aya ta 41, ta riga ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, ta kuma bayyana cewa hikimar ɗanɗana musu sakamakon ita ce ko sa dawo kan hanya.

A nan wani ɗan uwa zai iya cewa, ai wannan magana ta kare muhalli waƙar Turawa ce, su suka ɓata duniya, yanzu kuma sun dawo suna yi wa talaka wa'azi. Babu shakka akwai gaskiya mai yawa a wannan zance, kuma ba za a ɓoye ta ba. Hayaƙin da ke ɗumama duniya, mafi yawansa daga masana'antun manyan ƙasashe ya fito, domin abin da nahiyar Afirka baki ɗaya ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Amurka ce ta kwashe mutanen tsibirin Bikini daga gidajensu, ta tayar da bam ɗin nukiliya har sau 23 a kan murjaninsu tsakanin 1946 da 1958. Faransa, wadda ta fara gwada nata bam ɗin a hamadar Aljeriya a 1960, ita ce ta koma tsibiran Mururowa da Fangatofa ta ci gaba da gwaji daga 1966 har zuwa 1996. Ingila kuwa ta kori mutanen tsibiran Cagos kakaf tsakanin 1968 da 1973 domin Amurka ta kafa sansanin soja a Diyego Gashiya, sannan a 2010 ta fito ta ce ta mayar da ruwan yankin wurin kare halittun teku, aka hana kamun kifi. Wato an kori mai gida, an kuma ce ana tausayin kifinsa! Wata kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa ta yanke hukunci a 2015 cewa Ingila ta saɓa wa doka a wannan mataki, Kotun Duniya ta ba da ra'ayi a 2019 cewa ta fice, kuma sai a watan Mayu na 2025 ta sa hannu kan yarjejeniyar miƙa tsibiran ga ƙasar Morishiyos, bisa sharaɗin sansanin ya ci gaba da zama na shekara 99.

Duk wannan gaskiya ne. Amma zaluncin azzalumi bai taɓa zama hujjar sauke farilla daga kan mumini ba. Idan ɓarawo ya yi wa'azin hana sata, munafuncinsa bai halatta sata ba. Musulmi bai jira wani Bature ya koya masa kula da halittun Allah ba, domin kuwa an ɗora masa halifanci a bayan ƙasa, kuma za a tambaye shi. Manzon Allah (S) ya keɓe wani fili da ake kira Naƙi'u a kusa da Madina ya zama makiyaya ta maslahar Musulmi, Sayyidina Umar (R) ya yi irin haka a Rabaza. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira hima, wato wurin da shugaba ya killace domin amfanin jama'a, ba domin kansa ba. Haka nan akwai harimi, wato hurumin da ake bari a kewayen rijiya da ƙorama da gari, wanda ba a yarda wani ya mallake shi ko ya yi abin da zai cutar da ruwan ba. Duk wannan yana nan a babin raya matacciyar ƙasa a littattafan Malikiyya irin su Mukhtasar na Shehu Khalil, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman a kan hukuncin filaye a wannan ƙasa ta Sakkwato. Shari'a ta halatta abin da aka kamo daga ruwa, amma ta haramta almubazzaranci, ta kuma haramta cuta da cutarwa.

Misali mafi kusa da ke nuna cewa wannan karatu yana aiki a aikace ya zo ne daga Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya. A yammacin tsibirin Pemba akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Misali, wanda faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 1 ba, murjani ya kewaye shi, akwai nau'in kifi fiye da 300 a ruwansa, kunkurun teku kuma na zuwa yin ƙwai a rairayinsa. Mutanen wurin suna cewa sunan ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin abin salla a harshen Suwahili. Dubban Musulmi daga ƙauyukan Pemba da kamun kifin wannan wuri suke ci da iyalinsu. Da kifi ya fara ƙaranci, sai wasu suka koma jefa nakiya a ruwa. Nakiya ɗaya takan kashe babba da ƙarami, wanda ake ci da wanda ba a ci, sannan ta rugurguza murjanin da ya ɗauki shekaru aru-aru yana ginuwa. Mai nakiya ya cika kwale-kwalensa yau, amma ya rushe gidan da kifin baɗi zai yi ƙwai.

A shekarar 1998 gwamnati ta ayyana Misali a matsayin wurin da aka kare, aka kafa doka, aka sa masu gadi, amma doka kaɗai ba ta wadatar ba, domin teku na da faɗi kuma dare na da tsawo. Daga nan ne wata cibiyar Musulunci mai kula da muhalli da ke birnin Bamingam na Ingila, ƙarƙashin jagorancin Fazlun Khalid, tare da ƙungiyar CARE, suka zo da wata dabara. Suka tara limamai da malaman makarantun allo da shugabannin masunta, aka buɗe Alƙur'ani, aka bi ayoyin da ke magana kan halifanci da amana da mizani da haramcin fasadi, aka tattauna su da harshen mutanen. Limamai suka ɗauki maganar zuwa kan mumbari, malamai suka kai ta makarantu, daga bisani aka wallafa littafin jagora na malamai da harshen Suwahili. Sakamakon da aka gani shi ne, masunta da yawa sun ajiye nakiya da kansu, suka kuma shiga hana wasu. Ma'anar abin da aka ruwaito daga bakinsu ita ce, mutum na iya zille wa jami'in gwamnati, amma ba shi da inda zai ɓuya wa Mahaliccinsa. Ba a ce matsala ta ƙare ƙurmus ba, domin talauci na nan, baƙin masunta na shigowa, zafin teku kuma bai san iyakar Misali ba. Amma an tabbatar da abu guda, cewa abin da ɗan sanda ya kasa, huɗuba da karatu sun iya.

To, yanzu a dawo gida. Illela ba ta da teku, amma tana da Tafkin Kalmalo. Dattawan yankin shaida ne kan yadda wannan tafki ya kasance wurin su da noman rani da shayar da dabbobi, da kuma yadda ya ja baya har ya kai yakan ƙafe. Ruwansa daga kwarin Majiya yake gangarowa, daga cikin Jamhuriyar Nijar. Farin shekarun 1973 da 1984 ya taɓa shi, yashi da zaizayar ƙasa na cike shi saboda an sare itatuwan da ke riƙe ƙasa, sannan madatsun ruwa na Mozage da Zango da aka gina a can sama domin noman rani na Birnin Ƙonni suna tare wani kaso na ruwan. Ba a kawo wannan domin a ɗora wa mutanen Ƙonni laifi ba, domin su da mutanen Illela 'yan uwan juna ne na jini da addini da auratayya, 'yan mulkin mallaka ne suka ja layi a tsakaninsu, ruwa kuwa bai san wannan layi ba. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, kuma a 1990 sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci, kwarin Majiya na cikin waɗanda aka ambata da suna. Haƙƙin talakawan ɓangarorin biyu ne su tambayi mahukunta ina aka kwana a kan wannan alƙawari.

Sai dai kafin a nuna wa mahukunta yatsa, ya kamata kowa ya dubi hannunsa. A gulabe da tafkunan ƙasar Hausa an san masu zuba guba a ruwa domin kama kifi, musamman maganin ƙwarin nan Gamalin 20, wanda sinadarin da ke cikinsa ya shiga jerin abubuwan da duniya ta amince a daina amfani da su tun 2009. Gubar ba ta zaɓe, takan kashe tarwaɗa da karfasa da 'ya'yansu da ƙwansu da kwaɗi, sannan a kai kifin kasuwa a sayar wa Musulmi ya kai wa iyalinsa, Bafulatani kuma ya shayar da shanunsa a wannan ruwa. Mene ne bambancin wannan da mai nakiyar Pemba? Akwai masu mayar da gidan sauron da aka raba domin kare yara daga zazzaɓi ya zama koma, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Akwai masu wanke tankin feshi a bakin ruwa, da masu juye shara da leda a magudanar da ke ƙarewa a fadama. Al'ummar da ke haka ta zama kamar gaiwa, jikinta take ci tana zaton ta ƙoshi. Alhali kakanni sun san hikimar hutar da ruwa. Har yau a Argungu akan hana su a Matan Fada na tsawon lokaci domin kifi ya girma, kuma a garuruwa da dama sarkin ruwa ne ke faɗin ranar da za a shiga tafki da ranar da za a fita.

Saboda haka akwai aiki a gaban matasa, kuma aiki ne da ba ya buƙatar kuɗin wata ƙasa. Na farko, su nemi malamansu su karantar da su babin hima da harimi da hukuncin ruwa kamar yadda ake karanta babin tsarki, domin wanda bai san hukunci ba ba zai iya kira zuwa gare shi ba. Na biyu, su je wurin limamai cikin ladabi su roƙi a keɓe huɗuba kan haramcin zuba guba a ruwa da sayar da kifin da aka kashe da ita. Na uku, su zauna da masunta da sarakunan ruwa da masu noman rani da makiyaya, ba da sigar zargi ba, domin mafi yawan masu wannan aiki yunwa ce ta tura su, a yi yarjejeniya kan girman idon raga da lokacin hutar da ruwa, a kuma taimaka wa wanda ya bar guba da jari ko da daga asusun 'yan uwa ne. Na huɗu, kamar yadda matasa ke fita aikin gayya na share maƙabarta da gyaran masallaci, haka ya kamata su fita dasa itatuwa a bakin tafki da yashe magudanu kafin damina. Na biyar, su haɗa kai da 'yan uwansu na Ƙonni, a riƙa magana da murya ɗaya kan ruwan Majiya. Na shida, waɗanda Allah ya hore wa karatun boko kada su raina fannin kimiyyar ruwa da halittu. A garin Suwal da ke arewa da Jidda akwai jami'ar kimiyya ta Sarki Abdullah da aka buɗe a 2009, inda ake binciken murjanin Bahar Maliya, kuma masana sun lura cewa murjanin arewacin wannan teku ya fi na wurare da yawa jure zafi. Babu abin da ya hana ɗan Illela ya zama cikin masu irin wannan bincike, ko ya dawo ya auna ruwan Kalmalo ya rubuta abin da ya rage a cikinsa.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Murjanin da ke koɗewa a teku gargaɗi ne ga mai tafki, domin zafin da ke kashe shi shi ne ke ƙara wa Sahel ƙuna. Matashin da ke ɗaga murya kan zaluncin ma'abota girman kai, ya kuma wuce mai zuba guba a tafkin garinsu bai ce uffan ba, to akwai gyara a fahimtarsa ta umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Masuntan Misali ba su fi matasan Illela Alƙur'ani ba, abin da suka yi kawai shi ne sun karanta shi sun kuma aikata. Yaran da za a haifa nan da shekara 20 suna da haƙƙi a cikin wannan ruwa, kuma ranar da za a tsaya gaban Allah (T) babu wanda zai kare kansa da cewa garinsu nesa yake da teku.

Allah ya ba al'ummar Musulmi ikon riƙe amana, ya shayar da bayinsa da dabbobinsa, ya raya matacciyar ƙasarsa, ya kawo zaman lafiya a wannan yanki baki ɗaya.